Injiniyan da Ke Auna Layi da Gaisuwa

Injiniya Muntaka, Bazazzagi mazaunin Beltsville kusa da Washington, bai taɓa cin matarsa Furera a gardama ba, amma kayen katin waya ya fi yi masa ciwo. A 2004 ta sayo kati a shagon wata 'yar Gana a Takoma Park, ta kira mahaifiyarta a can gida. Ko "ina gajiya" ba su kai ba, layin ya tsinke. Gogan naka ya gyara tabarau, ya shiga bayanin wayoyin ƙarƙashin teku.

"Baban Afnan, don Allah ajiye tekun nan," in ji ta. "Layin da ya kasa ɗaukar gaisuwa, layi ne? Digiri uku, ka kasa haɗa ni da uwata!"

Maganar ta zauna masa.

Bayan shekara biyar, kamfaninsu na Washington ya tura shi wata 'yar ƙasa a gabashin Turai da ta fita daga mulkin gurguzu, ya ba hukumar sadarwarta shawara. An sayar wa surukin wani minista tsohon kamfanin wayar gwamnati, bisa sharaɗin ya kai layi ƙauyukan kan duwatsu. Shegen ya kawo taswira kore shar, wai ko'ina ya samu layi. Tsofaffin hukumar, waɗanda suka yi furfura suna buga hatimi ba tambaya, suka gyaɗa kai.

Muntaka ya yi hayar mota, ya bi ƙauye arba'in da ɗaya. Ko'ina ya tsaya sai ya kira Furera. In gaisuwa ta tafi daga sallama har "ya yara, ya sanyi", ya sa kore. In ta tsinke, ja. Shida kawai suka kai ƙarshe. A wani ƙauyen ungozoma ta nuna masa dutsen da take hawa ta kira motar asibiti, sannan ta nuna masa kabarin wata mai haihuwa da jini ya ƙare mata kafin ita ungozomar ta sauko. Ranar ko abinci bai ci ba don baƙin ciki.

Da ya dawo, shugabarsa Constance ta ce ya cire shafin jajayen ƙauyukan ya sa hannu, in ba haka ba ya kwashe kayansa. Kujerarsa ta tafi kuwa, wata biyu bayan haka, yanzu darasin lissafi yake koyarwa a Bowie. Amma shafin ya zauna a rahoton, domin babu wanda ya iya amsa masa a taron da aka yi kan rahoton.

"Muntaka, gaisuwar matarka ba kimiyya ba ce," Constance ta ce a taron, a gaban kowa, har wasu na dariya. "Taswirarsu ta ce akwai layi."

Ya tura mata wayarsa a kan tebur.

"Ga lambar ungozomar nan. Kira ta. In ta ɗauka, na sa hannu."