Yadda Na Bar Ta da Waƙa

Shekaru masu yawa ni ke ta da waƙa a zumuntar mata ta cocinmu a Kafanchan. Zan faɗi yadda na bari, bi da bi.

Da farko, kunnena ya yi nauyi. Ban gaya wa kowa ba sai 'yata da ke aiki a Jos. A lokacin an fara turo sababbin waƙoƙi ta waya, ni kuma dole in koye su ni kaɗai a ɗaki kafin ranar Alhamis.

Na biyu, 'yata ta aiko mini da abin ji mai rufe kunne, da wata 'yar na'urar ƙara sauti kamar akwatin ashana. An rubuta ƙarfinta a kwali da manyan lambobi. Ta ce, "Mama, har numfashin mai waƙa za ki ji."

Na yi caji, na jona, na murɗa. Idan abin murɗawar yana tsakiya, murya tana can nesa. Idan na kai shi ƙarshe sai ta fashe, tana karkarwa.

Na uku, na kai wa wani dattijo mai gyaran rediyo kusa da tashar jirgin ƙasa. Ya sa tabarau, ya juya kwalin, ya nuna mini ƙananan rubutu.

"Mama, wannan lambar sai an jona na'urar a wutar bango, da wani irin abin ji dabam. A batir, ko rabi ba ta kai ba."

"To, me ya sa suka rubuta?"

Ya yi dariya. "Ai kwalin kuka saya, na'urar kuwa gyara aka ba ku."

Ban yi dariya ba. Da 'yata ta kira, na ce na'urar tana aiki.

Na huɗu shi ne laifina. Na koyi wata sabuwar waƙar girbi da abin da kunnena ya tsinta. Inda ban ji ba, na cike da kaina. Mako uku ina koya wa mata. Su ma suna da waƙar a wayoyinsu, amma ba wadda ta gyara mini. Suka bi ni.

Ranar taron haɗin gwiwa matan cocin garin Madakiya suka zo. Na ta da waƙar. Su suka shiga amshi a inda yake, namu suka shiga inda na koya musu. Mai buga tulu ta tsaya da hannu a sama. Na ga matanmu suna kallon ƙasa, sai na gane sun daɗe da sani.



Alhamis ta gaba na riga kowa zuwa. Na ce wa mataimakiyata, "Daga yau ke za ki ta da waƙa." Ta ce, "Haba Mama," amma ba ta ƙi ba.

Yanzu ina zama a bencin baya, kusa da mai tulu, inda bugun yake zuwa mini ta katako. Na'urar tana cikin kwalinta a kan kabad. Har yau 'yata tana zaton tana aiki.