Wata Bakwai Siaka Yana Taya Babur Ɗaya

Siaka Milogo bai taɓa shiga gidan wani ba tare da dalili a hannu ba. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana gyaran injin jirgin ƙasa a tashar garin Bobo, inda ya saba a kira shi in abu ya lalace, ya tafi in ya gyaru. Zumunci aikin matarsa Korotumu ne. Ita ke zuwa suna, ita ke zuwa gaisuwar mutuwa, ta dawo masa da labarin mutane tare da cefane. Da ta rasu aka yi kwana arba'in gidan a cike, daga nan ƙafa ta ɗauke. Sai a lokacin ya gane duk ƙofofin da ya ɗauka nasu ne, nata ne ita kaɗai.

Katanga ɗaya ce tsakanina da shi a unguwar Koko. Ina jin rediyonsa tun safe, da ƙarar cokali ɗaya a kwano ɗaya.

A bakin mai faci ya ji cewa wani tsohon tela a unguwar Bolomakote, Yero Sidibe, zai sayar da babur ɗinsa mobilet, irin shuɗin nan ɗan Faransa mai feda, wanda ya girmi yawancinmu. Ranar Lahadi Siaka ya sa sukudireba a aljihu ya tafi. 'Yar Yero, Penda, tare muka yi makaranta, ita ta ba ni abin da ban gani ba.

Yero yana jin sunan baƙon ya washe baki. Bafulatani ya samu ɗan ƙabilar Bobo har gida, abokin wasa ya kawo kansa.

"Wa ya buɗe wa Bobo ƙofa? Penda, ɓoye tukwane, mashayin burkutu ya iso!"

"Bawana, tashi ka gaida ubangidanka," in ji Siaka. "Shanun wa ka sato ka sayi wannan?"

Penda ta ce muryarsa ta fito a shaƙe, kamar famfon da aka daɗe ba a murɗa ba.

Bai bari an tayar da babur ɗin ba sai da ya ɗora bayan hannu a kan injin, don ya ji ko an ɗumama shi kafin ya zo. Da sanyi yake. Ya zura kara cikin tanki ya fito da shi yana duba tsatsa. Ya bi ƙarfen jikin da farce yana neman inda fenti ya rufe walda. Sannan ya hau ya taka feda, injin ya kama, ya dafa bakin sukudireba a jikinsa ya kara ƙotar a kunne, ya rufe ido.

"Me ya ce maka?" in ji Yero. "Injin nake nufi. Ya ce ka biya ka tafi?"

"Ya ce shekara arba'in Bafulatani yana ba shi nono a madadin mai. Filoginsa ya mutu. Sai na dawo."

Ya dawo. Mako na biyu birkin baya ne, na uku hayaƙin ya cika fari. Yero ya soma ɗora butar shayi tun kafin ya ji sallama. Duba babur minti goma ne, zagin juna kuma har la'asar. Wata bakwai ana haka, ba a daidaita ba, ba a fasa ba.

Penda ce ta katse abin, don ita ba ta gaji wasan ba.

"Kawu Siaka, wani zai zo daga Wagadugu ranar Talata. Tsofaffin babura yake tarawa, bai ma nemi ragi ba. In kana so ka ɗauka yau."

Ta shige ɗaki. Siaka ya daɗe yana juya sukudireban a hannu.

"Yero," ya ce, kuma ranar ce farko da ya kira sunansa. "Ni fa ba babur nake zuwa gani ba."

Yero na tsiyaya shayi, ya zuba har kofin ya tumbatsa. Sannan ya kwashe da dariya.

"Ai na sani! Sukarina kake zuwa ƙarar min, ɗan cin tsutsa. Ku Bobo ko gawa kuka je gani sai kun leƙa tukunya."

Siaka ma ya yi dariya, don ba yadda za a yi ya ƙi. Tsakanin Bobo da Fulani magana mai nauyi ba ta tsayuwa. Ko a bakin kabari Bobo ya yi wa Bafulatani magana, wasa ne, haka muka tarar. Wasan da ya buɗe masa ƙofar a rana ɗaya shi ya hana a ji shi.

Ya saya a ranar. Na san lissafin da ya yi, don na san mutumin: in ɗan Wagadugu ya ɗauke, shi ke nan; in kuwa shi ya saya, tsohon babur ba ya rasa lalacewa, mai saye kuma yana da bakin komawa ya yi ƙorafi.

Babur ɗin ya ƙi lalacewa. Ashe duk aibin da Siaka ya faɗa ranar Lahadi, Yero na tura babur ɗin wajen makanike ranar Litinin a gyara. Filogi, birki, bel, kafireto, ɗaya bayan ɗaya har suka ƙare. Har yau ban yanke ba: don a saya yake gyarawa, ko don Siaka ya dawo duba gyaran? Na tambayi Penda, ta ce babanta bai taɓa son sayar da shi ba, ita ta matsa.

Lahadi uku na ji Siaka ta bayan katanga yana tayar da injin yana kashewa. Zai iya kwance ƙusa ɗaya ya ce ta faɗi. Amma mutumin da ya yi shekara talatin da ɗaya yana gyara bai iya yi wa inji ƙarya ba.

A ta huɗu ya sa riga mai guga ya hau. Yero na zaune a ƙofar gida, ya gane ƙarar tun daga kwana, ya miƙe da sandarsa.

"Ɓarawo! Ku tare min bawana, ya gudu da dukiyata!"

Siaka ya sassauta har ƙafarsa ta kusa taɓa ƙasa. Ya laluba abin da zai ce in ya tsaya, bai samu ba. Ya ɗaga hannu ɗaya, ya ƙara wuta, ya bi hanyar kasuwa, inda ba abin da zai saya.