Igiyar Dokas da Ruwan Jegon Amatullah

Ƙarfe bakwai na safe ba ta samun Dokas Tobiya a gida. Kafin ranar Jalingo ta fara cizo, ta riga ta tare keke napep a bakin layinsu na Kachalla Sembe, kular ƙanƙara a cinya, jaka a kafaɗa. An sha yi mata dariya a kan jakar nan. Ba komai a ciki sai littafi, da agogon dannawa, da wata igiya mai tsawon ƙafa ashirin da biyar wadda ta yi baƙi don shan ƙasa. Duk gidan da ta shiga sai ta shimfiɗa igiyar a tsakar gida, ta ce mara lafiya ya taka daga wannan baki zuwa wancan, ta danna agogo, ta rubuta. Matan unguwa suna kiranta mai awon fili, ita kuma tana amsawa.

A wannan watan ta ajiye aiki, bayan shekara talatin da biyar tana ma'aikaciyar lafiya. Shekara taran ƙarshe ta yi su ne tare da wasu likitocin jijiya masu bincike a kan wata cuta da ba ta da sunan Hausa, su suna ce mata Em-Es. Garkuwar jiki ce ke juyowa ta ci rigar da ke lulluɓe da jijiyoyi. Dokas takan ce kamar ɓera ne ya cinye robar wayar lantarki, wuta ta zo yau, gobe ta ɗauke. Yau ƙafa ce, wata uku ido ne. Har yanzu ba a gama gano tushenta ba. Ana zargin wata ƙwayar cuta, ana zargin gado, ana zargin wasu abubuwan. Abin da ya fi damun likitocin shi ne, cutar ce ba ta da yawa a ƙasarmu, ko ganinta ne ba a yi? Amsar ba ta ofis. Tana cikin ɗakunan da ake rufe ƙofa a ce iska ce, kuma Dokas ce ke shiga ɗakunan.

Labarin da ya sa na ɗauki alƙalami ba daga bakinta na ji ba, don ita ba ta bayarwa. Malam Sajo, wani mai sayar da hatsi a unguwar Sarkin Dawaki, shi ya ba ni.

Matarsa Amatullah ta daɗe da wata ƙafa mai mutuwa tana farfaɗowa, Dokas kuma ta sa sunanta cikin waɗanda likita zai gani. Likitan sau ɗaya yake zuwa a wata uku. Saura kwana biyu ya zo, Dokas ta biya gidan da tsakar rana don ta tuna musu. Lokacin tsakiyar bazara ne, Amatullah tana da kwana goma sha takwas da haihuwar 'yarta Fanta.

Tun daga zaure ta ga ƙullin kaya. A tsakar gida ga tukunyar ruwan jego tana tururi a kan murhu, ganyen darbejiya a gefe. Amatullah na kwance a tabarma, an gama yi mata wanka ke nan, idonta a buɗe amma ba ya bin kowa. Surukarta Umma, wadda ake kira Dada a gidan, tsohuwar da ta yi wa mata fiye da ashirin wankan jego da hannunta, tana zaune riƙe da jaririya.

"Sista, kin zo a makare," in ji Umma, wadda Hausa ba harshenta na gado ba ne. "Yarinya nan ba ya gani, ba ya tashi. Bayan azahar mota zai zo, za mu kai shi wajen mai magani a bayan Sunkani. Surace na kwana bakwai."

Dokas ta yi lissafi. In aka tafi da Amatullah, likita ya wuce, sai bayan wata uku, kuma ido ba ya jiran wata uku. Ta durƙusa ta buɗe littafinta. Makon da ya wuce, da sassafe, Amatullah ta taka igiyar nan a daƙiƙa tara. Ta dubi littafin, ta dubi tukunyar, sannan ta yi wata tambaya da babu ita a takardar tambayoyin likitoci.

"Amatullah, wane lokaci duhun ya fi yawa?"

"In an gama wanka," ta ce a hankali. "Na ji tsoron faɗa, kada Dada ta ce raki nake."

Dokas ta san zafi yana tsananta alamun wannan cuta na ɗan lokaci, likitocin sun faɗa mata. Amma ita ba likita ba ce, ba ta da ikon sa wa cuta suna, kuma ba ta da tabbas. Ga shi abin da take shirin taɓawa ba ƙarami ba ne. A ce wa tsohuwa ruwan da ta gada daga uwarta shi ke ƙara wa surukarta ciwo? In ta faɗa bai tabbata ba, ba wannan ƙofar kaɗai za a rufe mata ba. Da ma ana ta ƙananan maganganu a unguwar game da jinin da take ɗiba tana sakawa a kula.

"Dada," ta ce, "ban zo raina hannunki ba. Ki ba ni awa ɗaya. In bai yi ba, ni da kaina zan ɗauki kayanta in sa a mota."

"Za ki zuba wa mai jego ruwan sanyi? Sanyi ya shiga jiki na shi, wa zai cire?"

"Ba zan zuba ba. Tsumma kawai zan jiƙa."

Umma ta dubi ɗanta. Sajo ya ce shi dai a ranar ƙasa ya kalla, don bai san bayan wa zai bi ba. Tsohuwa ta ce, "Awa ɗaya."

Suka ja tabarma zuwa inuwar mangwaro. Dokas ta jiƙa zani da ruwan randa ta ɗora mata a wuya da goshi, ta ba ta ta sha, ta kama mafici. Ta danna agogon. Bayan minti ashirin ta ɗaga yatsu uku. "Nawa ne?" Amatullah ta ce hazo kawai take gani. Minti arba'in, haka. Gumi yana zuba a bayan Dokas, hannunta ya gaji, ba ta yarda kowa ya karɓi maficin ba. Aka kira salla. Ba a jima ba hon ɗin mota ya tashi a ƙofar gida, Umma ta miƙe da jaririya a kafaɗa, ta ce a fara fitar da kaya.

"Saura minti shida, Dada."

Umma ta juyo. Ta zo ta tsaya a kansu tana jira agogon ya cika ta yi abin da ta yi niyya. Dokas ta sake ɗaga yatsunta. Amatullah ba ta dubi yatsun ba. Ta ɗan ɗago kai, ta ƙanƙance ido wajen kafaɗar surukarta.

"Wa ya sa wa Fanta hula a baibai?"

Umma ce ta sa mata, cikin ruɗewar safiyar. Tsohuwa ta taɓa hular, ta zauna a ƙasa inda take tsaye. Sannan ta ce wa ɗanta ya sallami direba.

Kada wani ya ce Dokas ta warkar da makanta, ita ce za ta fara ƙaryata shi. Idon hagu bai washe ba sai da likita ya yi magani, aka tura Amatullah wani gari aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwa, aka tabbatar da cutar, aka ɗora ta a kan maganin da ke rage dawowarta. Cutar tana nan. Wankan jego ma bai tsaya ba, an cika kwana arba'in, da ganyensa da komai, sai dai Umma tana tsoma gwiwar hannu a ruwan tukuna, in ya wuce ɗumi ta surka. Likitocin kuwa suka ƙara tambaya ɗaya a takardarsu, game da wankan jego. Ba a rubuta sunan wadda ta kawo ta ba, wannan kuma yana ci mini rai.

Ke ce, Mama Dokas, kika san cewa bincike ba ya farawa a gaban na'ura, yana farawa ne a kan tabarma, lokacin da mace ta faɗi abin da take tsoron faɗa. Ke ce mai shiga gidan Musulmi da sallama, gidan Kirista da gaisuwa, ki fito ba ki kunyata tsohuwar kowa ba. In wata rana aka gano tushen wannan cuta, akwai ƙurar takalminki a cikin ganowar. Mun gode. Ku kuma matasan da kuka karɓi kular da littafin, ku riƙa tambayar abin da babu a takarda, ku kuma zauna ku jira amsa.

Ranar walimar sallamar Dokas, an gama jawabai sai ga Umma ta taso, ta ce a ba ta igiyar. Da hannunta ta shimfiɗa ta a gaban jama'a. Amatullah ta tsaya a ɗaya bakin, Fanta mai shekara huɗu riƙe da gefen mayafinta, ta fara takowa tana ɗan jan ƙafar hagu. Ba wanda ya yi motsi a wurin. Da ta iso ta rungume Dokas, sai aka ga hannun Dokas a bayanta yana danna agogo.

"Takwas da rabi," ta ce, hawaye na zuba. "Wa ke da biro?"