Smaranda Mai Gwada Tabarau

Shekara talatin da huɗu Smaranda Cojocaru ta yi tana aikin nas a wani asibitin yara a arewacin Romaniya, ko iyakar ƙasar ba ta taɓa tsallakawa ba. Da mijinta ya rasu, ita ma ta ajiye aiki, sai yini ya riƙa yi mata tsawo. Wata Lahadi fasto ya sanar a coci cewa likitan ido, Dokta Octavian, zai kai ayarin masu hidima Albaniya na mako uku, ana neman nas. Kafin ta yi shawara da zuciyarta ta ga hannunta a sama.

Kwana biyu suka yi a mota kafin su isa ƙauyen da za su yi aikin, can saman duwatsu. Da safe gajimare kan sauko har tsakar gida ya tsaya tsakanin itatuwa, ka ji ƙararrawar tumaki ba ka ga tumakin ba. An sauke ta a gidan Lefteri, wata mai kiwon zuma, ba mai jin yaren wata. Kullum bayan addu'a da waƙa ɗaya, ayarin kan buɗe ajin makarantar da aka ba su, likita na duba ido, Smaranda na gwada wa mutane tabarau.

Kwanakin farko sun yi mata nauyi. Ta sa wa wani tsoho tabarau, ta tambaye shi da 'yar kalmar da ta haddace ko yana gani, ya kaɗa kai. Ta canza, ya kaɗa kai. Sai da ta canza tara. Likita, wanda ya sha zuwa ƙasar, ya leƙo yana dariya.

"Yaya Smaranda, ki ƙyale bawan Allah! Tun na farko yake ce miki e. A nan kaɗa kai shi ne e."

"To a'a fa?"

"Su ɗaga haɓa su yi ɗan tsaki."

"Wayyo ni! Shi ya sa in na kaɗa kai na ƙoshi Lefteri ke ƙara mini. Kwana huɗu ina cin abincin mutum uku!"

A mako na biyu aka sauko da wata tsohuwa a kan alfadari, sunanta Thomaidha, daga cikin makiyayan da ke hawa ƙololuwar dutse da tumaki in zafi ya shigo. Tana zaune tana haki ta yi magana ƙasa-ƙasa. Smaranda ta tashi ta miƙa mata ruwa, sai da kofin ya bar hannunta ta tsaya cak. Ba Albaniyanci tsohuwar ta yi ba. Yaren makiyayan ne, ɗan'uwan nata yaren, sai dai ya tsufa ya lanƙwashe, kamar muryar kakarta na zuwa daga bayan bango.

"Iya, me kika ce?"

Tsohuwar ta lalubo fuskarta da yatsu. "Ke 'yar waye a cikinmu? Bakinki ya karkace, amma tamu ce ke."

"Daga nesa nake, Iya."

"Duk daga nesa muke. Sa mini abin nan in gan ki."

Da tabarau ya zauna, Thomaidha ba ta fara da kallon kowa ba. Hannuwanta ta ɗaga ta juya su a hankali. "Na wace tsohuwa ne waɗannan?" Sannan ta dubi bangon ajin. "A nan kuke addu'a? Ba kyandir, ba hoton waliyyi ko ɗaya? Allah sarki, marayu." Ta yi alamar gicciye a kan Smaranda sau uku.

Ita ce ta faɗa mata akwai tsofaffi sama da ashirin a bukkokin can sama, ba mai iya saukowa. Likita ya duba jakar tabarau, ya dubi Smaranda, ya ɗaga kafaɗa. Washegari ta hau alfadari a karon farko a rayuwarta, da shekara sittin da biyu, tana riƙe da sirdi tana rera waƙar coci don tsoro. Rabin hanya suka shige cikin gajimare, suka fito ta samansa, rana fes, ƙasa duk ta ɓace.

Ranar da ayarin zai koma, Smaranda ta aiko da saƙo daga can sama su tafi, akwai masu ɗigon maganin ido da ba ta gama da su ba. Sai da tumaki suka sauko da farin sanyi ta koma gida, da cuku a jaka da wani irin karin harshe da ya sa jikokinta dariya.

Tun daga nan duk shekara take komawa, yau shekara tara. Thomaidha ta rasu a ta huɗu. Kafin ta cika ta hana a cire mata tabarau, ta ce ba ta san hanyar can ba, gara ta tafi tana gani.