Majigin da Ya Kai Mama Bencin Baya

Jikokina suna da wata tambaya da ba ta ƙarewa, wai wane fim ɗin waƙa ne ya fi burge ni a duniya. A tunaninsu zan ambaci irin waɗanda suke kallo a waya, inda mawaƙi ke tsalle cikin hayaƙi jama'a na ihu. Ni kuwa nawa fim ɗin bai kai minti goma ba, baƙi da fari ne, sautinsa na karkarwa, kuma rabin abin da aka faɗa a cikinsa ƙarya ce tsagwaronta. Amma ko gobe aka sake tambayata shi zan zaɓa.

A Kafanchan na tashi, bayan yaƙin basasa, a shekarun da motoci suka koma bin hannun dama. A lokacin majigi ne sinimarmu. Mota ce ke zuwa da janareto, a rataya farin ƙyalle a bangon firamare, rana na faɗuwa gari ya taru. Sai mun sha haƙuri tukuna: a nuna mana takin zamani, a nuna mana rigakafi, a nuna mana yadda ake haƙa masai, kamar kafin zuwansu a aljihu muke yi. Bayan nan ne ake saka na waƙa, wanda dominsa muka zo. Mun ga 'yan badujalar soja suna hura ƙaho kumatunsu kamar za su fashe. Mun ga masu jita na bakin teku da matansu masu manyan gwaggwaro. Akwai na wani mawaƙin ƙasar waje da ya yi zufa har rigarsa ta manne, wanda samarin kwatas ɗin jirgin ƙasa suka yi wata guda suna kwaikwayon tafiyarsa. Babana ya ce duk wauta ce. Kullum kuma yana can baya a tsaye, hannu a harɗe, ba ya tafiya sai an naɗe ƙyallen.

Baba malamin firamare ne, kuma sakataren ikilisiyarmu, ɗaya daga cikin dattawa bakwai da ke zama a gaba kusa da fasto. Mutum ne mai son tsari da son a ce ya iya Turanci, kuma ya iya ɗin. Mama kuwa ba ta taɓa shiga aji ba. Hausarta ma a kasuwa da coci ta tsince ta, mace da namiji duk "shi" take ce musu. Amma ita ce uwar zumunta, shugabar matan ikilisiya, ita ke ɗaga waƙa sauran su amsa, tulu a cinyarta tana dukan bakinsa da tafin hannu. In Mama ba ta buɗe baki ba, to ba a fara sujada ba.

Ina da shekara goma sha huɗu wasu mutum uku suka zo daga Kaduna da na'urar ɗaukar majigi, Bature ɗaya mai gajeren wando da wasu biyu masu ɗaukar masa kaya da magana. Suna haɗa fim ne kan kaɗe-kaɗen ƙasarmu, an kuma ce musu matan cocinmu ba su da na biyu. Fasto ya yi tafiya, don haka Baba ya ɗaura nakatayi a wuya ya zama tafinta. Mata ashirin da wani abu suka fito cikin anko, zane iri ɗaya, farar riga, ɗankwali a ɗaure tsaf, har da masu aron takalmi. Ni aka ba riƙon kacau-kacau da kuge kafin a fara.

Baturen ya dube su ya ɓata fuska. Na farko, rufin kwanon coci zai fito a hoto, shi kuma ba ya son kwano. Aka kwashe mu a mota har gindin wasu duwatsu ta wajen Fadan Kagoma. Can ma bai gamsu ba. Ya yi magana mai tsawo, Baba na gyaɗa kai, sannan Baba ya juyo ya ce wa matan su cire takalma, su cire riguna su yi ɗaurin ƙirji, su cire ɗankwali.

Mama ta ce, "Malam, ɗankwali kuma? Waƙan Allah ne fa za mu yi."

Baba ya ce, "Haba, minti biyar ne kawai. Baƙin gwamnati ne, kada ku ba mu kunya."

Da kunnena na ji, ina tsaye tsakaninsu. Ɗaya daga cikin mutanen Kaduna har ya tambaya ko za a samu ganye su ɗaura irin na kakanni. Nan kam Mama ta yi masa wani kallo da bai buƙaci tafinta ba. Amma ɗankwali ya sauka. Aka ajiye wata tukunya da ƙorai a gabansu don ado, ba komai a ciki sai ruwan da muka zo da shi. Mama ta ɗaga waƙar godiyar kaka da yarenmu, wadda ke ambaton sunan Yesu a kowane baiti. Da sanyin jiki suka fara, amma kafin baiti na uku sun manta da Bature da na'urarsa, sun shiga rawa ƙafa na tayar da ƙasa.

Kusan shekara ta zagayo kafin labari ya zo cewa majigin da za a nuna ranar Asabar da matanmu a ciki. Zo ka ga shiri! Baba da kansa ya yi sanarwa a coci. Aka kwaso bencuna daga aji aka jera wa fasto da dattawa a gaba. Matan zumunta suka sake fitowa cikin anko, Mama a tsakiya. Muka haƙura da takin zamani, muka haƙura da masai, sai ga duwatsun nan a jikin ƙyalle, sai ga Mama.

Ban taɓa ganin uwata ba sai ranar. Ina nufin ban taɓa tsayawa na kalle ta ba. A gida hannu ce mai miƙo tuwo da murya mai aike. A bangon nan kuwa fuskarta ta fi ƙofar aji girma, kanta a buɗe, kitsonta shuku, wuyanta na sheƙi, tana dariya da dukan haƙoranta. Ashe kyakkyawa ce! Na ji kamar in hau benci in gaya wa gari cewa ni ta haifa. Jama'a suka ɗauki guɗa.

Sai wata murya ta fito daga lasifika, muryar namiji mai Hausar rediyo, a natse, kamar mai karanta labarun duniya. Ya ce ga matan arna nan na kudancin Zariya suna roƙon dodo ya ba su ruwa, kamar yadda kakanninsu suka saba, bayan sun sha giyar gargajiya. Daidai nan na'ura ta sauka kan tukunyar ruwanmu. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, duk inda sunan Yesu zai fito a waƙar, nan bawan Allahn yake samun abin faɗa. Guɗa ta mutu. Daga can baya wasu 'yan kasuwa suka fashe da dariya, wani ya ɗaga murya ya ce, "Uwar zumunta, a sam mana ƙwarya ɗaya mana!" Mama ta ja bakin ɗankwalinta ta rufe fuska. Na nemi Baba a cikin hoton, babu shi, ko inuwarsa. Yana bayan na'ura lokacin da aka ɗauka.

Dattawa suka ce ba za su yanke hukunci da ka ba, sai sun tabbatar. Suka roƙi mai majigi ya maimaita, ya maimaita. Suka ce akwai wurin da bai fito sosai ba, ya sake sakawa karo na uku. Ni dai ina zaune bayansu, kuma na ga ƙafar dattijo mafi tsufa tana bin kiɗan tulu a ƙarƙashin benci. Bincike ne mai zurfi ƙwarai.

Da a Kafanchan abin ya tsaya da wataƙila an shanye. Amma majigi yawo yake. Ya je Godogodo, ya je Zangon Kataf, direbobin manyan motoci suka dawo da labari da ƙari. Wani ya ce da idonsa ya ga Mama ta kafa kai a ƙwarya. Wata ikilisiya ta rubuto wasiƙa tana tambaya ko mun koma gidan jiya ne. Kowa a cocinmu ya san waƙar, ya san ba ta dodo ba ce, ai su ma suna rera ta duk kaka. Amma murya daga Kaduna ta faɗa, da lasifika, a gaban Musulmi da Kirista. Wa ya isa ya ce lasifika ta yi ƙarya?

A cocinmu akwai abin da ake kira horo. Wanda aka sa a horo ba a korarsa, da ma korar aka yi da ta fi sauƙi. Zai riƙa zuwa kowace Lahadi ya zauna a bencin ƙarshe kusa da ƙofa, ba ya cin Jibin Ubangiji, wato gurasar da ake raba wa masu bi a coci, ba ya riƙe muƙami, ba ya ɗaga waƙa. Bencin mashaya ne da masu cikin shege da waɗanda aka kama a gidan boka. Duk mai shigowa sai ya wuce ta gabanka, duk mai fita ma haka. Mama ta yi shekara ashirin tana gyara sunanta a garin nan, ita da aka haifa a gidan da ake bautar dodon da gaske, kuma ba abin da take tsoro kamar a ce ba ta rabu da can ba.

Aka kira ta gaban dattawa a ofishin fasto. Ni na raka ta, na tsaya bakin taga kamar mai jiran aike. Baba na zaune da littafin rubuta bayanin taro a gabansa. Fasto mutum ne mai sanyin hali, ya ce, "Mama, mun san ba ki sha komai ba. Amma kin jagoranci mata sun yi waƙar Ubangiji kai a buɗe, kafaɗa a waje, sunan ikilisiya ya ɓaci. Wa ya ce ku cire ɗankwali?"

Mata ashirin sun san amsar, amma an ce musu maganar shugabarsu ce, su yi shiru. Alƙalamin Baba ya tsaya a kan takarda.

Mama ta ce, "Baba Fasto, kai na ne. Hannu na ne ya cire."

Aka ba ta wata uku. Baba ne ya rubuta hukuncin da kyakkyawan rubutunsa, kuma da yake shi ne sakatare, shi ya karanta a gaban jama'a ranar Lahadi. Wallahi na tsane shi a ranar. Ina faɗa ne ba kunya, domin abin da na ji ke nan. Da yamma na kai masa ruwan wanka na dangwarar da bokitin har rabi ya zube. Na shiga kicin na ce wa Mama me ya sa ba ta faɗa ba. Ta ce in sun cire shi daga sakatare, makaranta ma za ta ji, ni kuma in rufe bakina in tankaɗe garin acca.

Lahadin farko Mama ta yi wanka, ta saka zanen da ba na anko ba, ta ɗaura ɗankwali har ya rufe mata gira, ta zauna a bencin baya tsakanin wani mai gyaran keke da ba ya rabuwa da warin burukutu da wata yarinya mai ciki. Lokacin waƙar mata ya yi, aka miƙa wa mataimakiyarta tulu. Baiwar Allah ta ɗaga waƙar can sama inda ba mai iya kamowa, aka yi ta jan ta har ta mutu a hanya. Mama ba ta ko motsa leɓe ba. A gida kuma ba ta canza wa Baba komai ba, tuwonsa a kan lokaci, rigarsa a goge, gaisuwa da ladabi. Ina ganin da ta zage shi da ya fi samun barci. Ya daina cinye abinci, ya daina gyara mana Turanci, majigi ya sake zuwa bai leƙa ba.

Lahadi ta huɗu ranar Jibin Ubangiji ce. Dattawa ne ke zagayawa da faranti, layi bayan layi, kuma rabon Baba ya faɗa ɓangaren mata. Ya bi layuka yana miƙawa har ya kai na kusa da ƙarshe. Daga nan ka'ida ita ce ya juya. Ya tsaya da farantin a hannu, tsayuwar da ta yi tsawo har mutane suka fara waiwaye. Sai ya miƙa wa dattijon da ke bayansa farantin, ya taka zuwa bencin baya da nakatayinsa da komai, ya ce wa mai gyaran keke ya ɗan matsa. Fasto ya sauke tabarau.

Ina layi biyu a gabansu, don haka na ji. Mama ba ta dube shi ba, idonta na kan bagade can gaban coci. Ta ce a hankali, "Malam, nan wurin masu laifi ne."

Baba ya ce, "Na sani."

Ta tattara bakin zanenta ta ba shi wuri.