Hancin Gwaggo Asabe

Duk wanda ya san Gwaggo Asabe ta Kwaciri, yayar mahaifina, ya san ba ta karɓar kuɗi sai ta shinshina su. Ɗanta Habu tela ne a Jidda, ya daɗe rabonsa da gida, sai dai ya aiko da Riyal ta hannun masu dawowa daga Umara. Da an miƙa mata, sai ta lumshe ido ta kai hanci, ta ce, "Lafiyarsa ƙalau, amma ya rage cin nama." Mu kuwa me za mu yi in ba dariya ba?

Ni nake kai ta Wapa wurin 'yan canji, kuma wallahi na ga ta kaina. Sai ta goge takardun da dutsen guga tun a gida, wai kada a ce sun yamutse a rage mata ko kwabo. Ta bi kowane benci tana tambayar farashi, sannan ta dawo wurin na farko, wani Alhaji Sule.

"Gwaggo, ai tun da safe na faɗa miki haka yake."

"Da safe yunwa kake ji. Yanzu ka ci ka ƙoshi, ƙara!"

Kuma sai ya ƙara, don ya samu ta ɗaga masa daga benci.

Dariyarmu ta fara raguwa ne ranar da ƙawarta Mama Nkechi ta zo daga Sabon Gari da Dalar da 'yarta ta aiko, tana so a raka ta canji. Gwaggo ta shinshina, ta ce, "Kai! Je ki tanadi zanin goyo."

"Haba Asabe, ba ta gaya mini ba!"

"Ita ma ba ta sani ba tukuna."

Kafin shekara ta zagayo, sai ga hoton jariri a waya. Tun daga nan in ta kai kuɗi hanci, tsigar jikina tashi take yi.

Bara aka kawo saƙon Habu kamar kullum. Ta shinshina, ta sake shinshinawa. Sannan ta ce, "Kafur nake ji." Kafur fa, wanda ake sa wa a ruwan wankan gawa!

Ba ta ko taɓa dutsen guga ba. Muna isa Wapa, Alhaji Sule ya faɗi farashi, ta ce, "Kawo." Mutumin nan ya ja ni gefe ya ce, "Wa ya rasu?" Daga can sai Kantin Kwari, ta yanki farin yadi na dogon mutum, irin tsawon Habu, ba ta nemi ragi ba.

Tsoro ya kama ni ƙwarai. Na kira Habu, ya ce ko ciwon kai ba ya yi. Na ce, "Ni dai ka taho, uwarka ta daina ciniki." Bai ƙara tambayar komai ba, ya nemi jirgi.

Ranar da ya iso, ya durƙusa zai gaishe ta, ta kamo kansa ta shinshina, ta shinshina wuyan rigarsa. Sai fuskarta ta washe, rabon da in ga haka har na manta.

"Alhamdu lillahi, ashe ba naka ba ne, nawa ne." Sai kuma ta tafa hannu. "Kash! Da na sani ai da na tsaya na yi ciniki. Sule ya ci banza!"

Muka yi dariya, har da Habu. Juma'ar da ta biyo baya Gwaggo ta cika, kanta a kan cinyarsa. Yadin ya yi mata yawa, sai da aka rage.

Allah ya jiƙan Gwaggo, ya yalwata mata makwanci. Yadda ta yi murna da ya zama ita ce ba ɗanta ba, Allah ya tarbe ta da ƙanshin Aljanna. Amin.