Kwayil Biyu a Boksin Salihu

Uwaisu Nasir ya koyi aikin wutar mota a Wad Madani ta ƙasar Sudan a shekarun da auduga ke da daraja, ya koma ƙauyensu Hillat Iya, a yammacin Jazira, lokacin da mahaifinsa ya rasu ya bar masa hawasha, wato gonar haya ta noman rani. Bai taɓa zama manomin kirki ba. Matarsa Ma'u ce ke kula da gonar, shi kuma yana ƙarƙashin rumfa a bakin tur'a, babban magudanar ruwan da ya ratsa ƙauyen, yana gyaran motocin kasuwa, ana kiransa Usta, wato gwanin makanike. Ba su haihu ba. Bayan rasuwarta rumfar ta zama gidansa, kwana kawai ke kai shi ainihin gidan.

Cikin motocin da ya riƙa gyarawa, guda ɗaya ce ta tsufa tare da shi: boksin Salihu, tsohuwar a-kori-kura ƙirar Amurka mai silinda takwas, huɗu a kowane gefe. Salihu sa'ansa ne, kuma bayan yaƙi ya watsa mutane, shi kaɗai ya rage a ƙauyen wanda Uwaisu ke iya doguwar hira da shi da Hausa ba a karkata zuwa Larabci ba. Motar ta tsira daga masu kwasar motoci ne saboda babu wanda ya iya tayar da ita.

Ciwonta sananne ne. Kwayil ɗinta guda ɗaya ke ba fulogi takwas wuta, kuma a zafin Jazira ba ya jure tafiya. Dabarar direbobin yankin ita ce a jiƙa tsumma a tur'a a naɗe kwayil ɗin da shi, a jira ya huce. Kowace ranar kasuwar Managil Uwaisu kan zauna a gaba kusa da Salihu, kuma hanyar ta zama jerin tsayawa: a buɗe bonet, a jiƙa tsumma, a tsuguna a inuwar motar ana taɗi, fasinjoji na gunaguni.

A ɗaya daga cikin waɗannan tsayawa Salihu ya faɗi abin da ke ransa. 'Yarsa Hadizatu, wadda ke aure a Gadarif, ta matsa masa ya sayar da motar ga masu sayen tsohon ƙarfe ya hau bas ya komo wurinta.

"Na gaji, Usta. Ni da motar duk tsumma muke bukata."

"Kai dai. Ita ba ta kai lalacewarka ba."

"To gyara ta mana, ya zol, mutumina. Shekara nawa kana cewa haka?"

"In ta daina tsayawa, ka zauna?"

"In ta daina tsayawa, mi zan je yi gidan suruki?"

Uwaisu ya ɗauki wannan a matsayin alkawari. Da aka tambayi Salihu daga baya, ya ce bai tuna ya yi alkawari ba, kuma babu dalilin ƙaryata ko ɗayansu.

Tunanin Uwaisu shi ne a raba nauyin: kwayil biyu, kowane da fulogi huɗu, ta yadda ɗaya zai huta yayin da ɗayan ke aiki. Wahalar tana cikin distiributa, abin da ke rarraba wutar, wanda makanikan nan ke kira asbiratir. A tsakiyarsa akwai sanda mai kusurwa takwas, kowace kusurwa tana buɗe kwantak, wato abin da ke katse wutar kwayil, sau ɗaya. Ya ɗauki magagari ya goge kusurwa ɗaya, ya tsallake ɗaya, har suka rage huɗu. Ba shi da wata sandar idan ya ɓata wannan, don haka kaɗan yake gogewa ya tsaya ya shafa da yatsa. Ya ɗaura kwantak na biyu, ya huda murfin distributan ya yi wa sabon kwayil mashiga, ya yanko tagulla daga tsohon kwaɗon ƙofa ya ƙara wa rota, abin da ke juyawa a kan sandar, hannu. Kwayil ɗin kuwa a Madani ya samo shi, a jikin wata mota da aka yasar.

Gwajin farko bai yi kyau ba. Injin ya yi tari, ya tofa wuta ta kafireto, ya ƙone wa Salihu gefen gemu.

"Madalla. Da tsayawa take yi, yanzu ta koyi aski."

"Matsa can, Alhaji. Dama gemun ya yi yawa."

Kwantak na biyun ne ke buɗewa kafin lokacinsa. Uwaisu ya daidaita shi da kunne, yana matsar da shi kaɗan kaɗan har ƙarar gefen biyu ta zama ɗaya. Ranar kasuwa mai zuwa suka isa Managil ba su buɗe bonet ba, suka dawo rana ba ta yi sanyi ba. Fasinjoji suka yi ta sa albarka. A hanya kuwa ba a yi wata hira ba, domin injin mai silinda takwas ba ya barin a ji magana.

Salihu ya yi makonni yana gwada motar, yau Hasahisa, gobe Madani. Sai wata safiya ya zo rumfar bai zauna ba. Ya ce abin da ya hana shi tafiya tun farko shi ne ba ya iya ganin an farfasa motar, kuma ba za ta kai Gadarif ba. Yanzu za ta kai, kuma can akwai aikin ɗaukar ridi.

"Akwai wuri a gaba, Usta. Taho mu tafi."

"Wa zai ba hawasha ruwa?"

"Hawashar da ko Ma'u na raye ba ka san iyakarta ba?"

Uwaisu ya buɗe bonet ya nuna masa wayar da ke zuwa kowane kwayil, ya gargaɗe shi kada ya bar wani makanike ya sauya jerinsu. Ranar tafiyar ya raka shi har bakin kwalta, ya ce yana son ya ji injin da kaya a kai. Can ya sauka, ya dawo a ƙasa.

Motar ta isa Gadarif, kuma labarin da ake samu shi ne tana aiki. Uwaisu yana nan a rumfarsa. Abin da ake kawo masa yanzu raksha ne, keke mai ƙafa uku, wanda silindarsa ɗaya ce kuma ba shi da distiributa. Direbobin na gaishe shi da Larabci, yana amsa musu da shi.